Asalin Bikin Kaka Na Unguwanni A Amurka Da Masu Yi Masa Aikin Sa Kai

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ya rubuto cewa ƙanensa da ke karatu a Amurka ya aiko masa da hotuna, ga shi nan yana jera kujeru da kabewa a bakin titi. Da ya tambaye shi, sai ƙanen ya ce bikin kaka ne na unguwarsu, kuma aikin sa kai yake yi, ba a biyansa ko sisin kwabo. Mai tambayar ya ce shi abin ya ɗaure masa kai. Yana so a ba shi tarihin wannan biki, da dalilin da zai sa yaron da aka tura neman ilmi ya kashe yini guda yana shara da ɗaukar kujeru kyauta.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Da farko dai ka kwantar da hankalinka, ƙanenka bai ɓata ba. Abin da ka gani a hoton nan tsohuwar al'ada ce a ƙasar, kuma idan ka bi tarihinta za ka tarar cewa kusan duk lokacin da ta ƙara ƙarfi, wata matsala ce ta taso wa mutanen unguwa, suka duba babu mai magance musu ita, sai suka tashi da kansu. Bari mu ɗauko maka zancen daga tushe.

Kakar Amurka tana kamawa ne wajen 22 ko 23 ga watan Satumba, ta kai har cikin Disamba. Lokacin ne ake girbin masara da tuffa da kabewa, ganyen itatuwa ya rine ya koma ja da rawaya sa'an nan ya zube, sanyi kuma ya fara shigowa. Wato dai kusan tare take zuwa da tamu kakar. Yawancin bukukuwan unguwa a watan Oktoba ake yin su, kafin sanyi ya tsananta ya kulle kowa a ɗaki. Kada kuma ka haɗa wannan biki da Ranar Godiya, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana a 1863, ake kuma yin ta yanzu ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Ita waccan a cikin gida ake yin ta, dangi su taru su ci talo-talo. Wanda kake tambaya a kansa na waje ne, na titi da filin makaranta.

Tushe na farko shi ne gayya. A ƙarni na 18 da na 19 yawancin Amurkawa manoma ne, gonakinsu nesa da juna, ga ƙarancin hannu. Idan manomi ya karye masararsa ya tara ta tsibi guda, shi da iyalinsa kaɗai za su daɗe ba su gama ɓare ta ba. Sai ya aika wa maƙwabta. Da yamma a taru a rumbunsa, a raba tsibin masarar biyu, a raba mutane gida biyu, a yi gasa a ga ɓangaren da zai riga gamawa. Mata na can suna ta girki. Da an kammala sai a ci a sha, a ɗauko goge a yi rawa har dare ya raba. Akwai ma wata al'ada ta raha, cewa saurayin da ya ɓare ya ci karo da jar masara ya sami izinin sumbatar budurwar da ransa ke so, shi ya sa samari ba su cika fashin zuwa ba. Haka kuma sukan taru su ɗaga wa mutum katakon sabon rumbu a yini ɗaya, abin da mutanen Amish na jihohin Pennsylvania da Ohio ke yi har yanzu. Ba a biyan kowa. Ladan mutum shi ne ran da nasa aikin ya taso, su ma za su zo masa. Sai dai a kudancin ƙasar, kafin a haramta bauta a 1865, bayi baƙar fata ne ake tarawa su yi wannan ɓarar masara a gonakin iyayengijinsu, saboda haka ba za a kira tasu sa kai ba.

Wannan hali na tashi da kai bai tsaya a gona ba. A 1736 Benjamin Franklin da abokansa suka kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa kai a birnin Filadelfiya. Har yau fiye da rabin 'yan kwana-kwanar Amurka 'yan sa kai ne, kuma a ƙananan garuruwa da dama irin waɗannan bukukuwa na cikin hanyoyin da suke tara kuɗin kayan aiki. Wani Bafaranshe mai suna Alexis de Tocqueville ya zagaya ƙasar daga 1831 zuwa 1832, ya koma gida ya rubuta littafi a kan dimokuraɗiyyarta. Cikin abubuwan da suka ba shi mamaki har da yadda Amurkawa ke kafa ƙungiya a kan kowane abu, ko gina coci ne, ko asibiti, ko makaranta, ko ma shirya biki. Ya lura cewa aikin da a Faransa gwamnati ake jira ta yi, a Ingila kuma a jira wani babban basarake, a Amurka ƙungiya ce ke ɗaukarsa.

Da injuna suka shigo gona, mutane kuma suka yi ta komawa birane, gayyar masara ta ja baya, amma murnar kaka ta bi su cikin gari. Alal misali, a watan Oktoban 1903 magajin garin Circleville a jihar Ohio, George Haswell, ya jera kabewa da masara a gaban gidansa don mutanen gari su ga abin da manoman karkara ke nomawa. Wannan ɗan baje-koli shi ne ya zama bikin kabewa na kwana huɗu, wanda dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa a garin da mazaunansa ba su kai 15,000 ba, kuma ba a karɓar kuɗin shiga.

Tushe na biyu kuwa ba na daɗi ba ne, shi ne daren Halowin. Daren 31 ga Oktoba jajibere ne na ranar da Kiristoci, musamman 'yan Katolika, ke tunawa da waliyyansu. Mutanen Ailan da Sikotlan kuma tun da can suna da bikin ƙarshen girbi a daidai wannan lokaci, kuma a cikin camfinsu daren ne da fatalwa da aljannu ke yawo. Da cutar dankali ta jawo yunwa a Ailan daga 1845 zuwa 1852, mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, akasarinsu zuwa Amurka, suka tafi da al'adar. A wannan dare samari kan fita su yi tsiya, da safe a ce aikin aljannu ne. Da fari abin wasa ne: a cire wa mutum ƙyauren shingensa a rataye a bisa itace, a shafe tagoginsa da sabulu, a ture masa ɗan ɗakin masai na katako da ke bayan gida, ko ya wayi gari ya ga amalankensa a kan rufin rumbu. Amma da garuruwa suka girma sai wasan ya koma ɓarna, ana fasa gilasai, ana kunna wuta a titi.

A nan ne, Malam, ya kamata ka ji labarin wata dattijuwa mai suna Elizabeth Krebs ta garin Hiawatha a jihar Kansas. Ta shahara da dashen furanni, ita ce ma ta kafa ƙungiyar masu lambu ta garin. Yadda mutanen garin ke ba da labarin, washegarin Halowin na 1912 ta tashi ta tarar yara sun tattake mata lambu sun yi kaca-kaca da shi. Da wani ne, sai ya ɗauki sanda ko ya tafi wajen 'yan sanda. Ita kuwa sai ta yi tunanin cewa yaran nan ƙarfi ne ya yi musu yawa, ga rashin abin yi. A 1913 ta shirya musu ɗan biki da kuɗin aljihunta, amma bai hana ɓarnar ba, don ƙarfinta ita kaɗai bai kai ba. Ba ta karaya ba. A 1914 ta jawo mutanen gari gaba ɗaya, aka yi jerin gwano, aka kawo badujala, aka yi gasar shiga, aka raba kyaututtuka. Yara suka yi ta tsalle-tsalle har suka gaji tiɓis, kowa ya tafi gida ya kwanta, gari ya waye lambuna suna nan lafiya lau. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Fiye da shekara ɗari ke nan, har yanzu ana yin wannan jerin gwano a Hiawatha.

A garin Anoka na jihar Minnesota ma haka ta faru. Mutane sun gaji da wayar gari su ga an saki shanu suna yawo a babban titi, sai a 1920 wani ɗan kasuwa, George Green, da sauran manyan gari suka shirya jerin gwano na yara, aka raba musu gugguru da gyaɗa da alewa, aka kuma hura babbar wuta a dandali kowa ya kewaye ta. A 1921 kuma 'yan kasuwar yammacin birnin Evansville a jihar Indiana suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa shirya wa unguwarsu biki. Wannan na Evansville ya fi kama da abin da kake tambaya, don na unguwa ne. Yanzu mako guda ake yi ana shagali a titin Franklin a farkon Oktoba, da rumfunan abinci fiye da 100, kuma rumfunan na coci-coci ne da makarantu da ƙungiyoyin taimako, abin da suka samu a makon nan shi ne suke gudanar da ayyukansu da shi.

Bayan da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, ɓarnar ta ƙara muni a manyan birane, matasa na kifar da motoci suna sare turakun waya. Har ta kai a 1942 majalisar birnin Shikago ta kaɗa ƙuri'ar soke Halowin ɗungurungum, amma dokar ba ta yi tasiri ba. Dabarar iyaye ce ta ci. A shekarun 1930 maƙwabta suka fara haɗa kai, wannan gida ya shirya wasa, wancan ya ba da abin sha, na gaba ya ba da alewa, yara su yi shiga iri-iri su bi gida-gida, kusan kamar yadda yaranmu ke tashe a watan azumi. Sai dai su abin da suke faɗa a bakin ƙofa ma'anarsa ita ce, a ba mu ko mu yi tsiya. Ƙayyade sukari da aka yi saboda yaƙi daga 1942 zuwa 1947 ya rage abin, amma da aka sake shi sai ya bazu ko'ina. Ƙungiyar iyaye da malamai, wadda Alice Birney da Phoebe Hearst suka aza harsashinta a birnin Washington a 1897, ita ma ta rungumi bikin kaka na makaranta a matsayin hanyar tara kuɗin littattafai da kayan wasa. A 1950 kuma wata mata a Filadelfiya, Mary Emma Allison, matar wani limamin coci, ta sa yara su riƙa roƙon 'yan sulalla don asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF. Dala 17 kacal aka tara a karon farko, amma daga baya abin ya game ƙasar. Ka ga yaran da ake tsoro jiya, an mai da su masu aikin alheri.

To, daga shekarun 1970 sai tsoron ya juya. Da yaran ake tsoro, yanzu kuma yaran ake ji wa tsoro. A 1974 wani mutum a jihar Texas, Ronald O'Bryan, ya zuba guba a alewar ɗansa mai shekara takwas a daren Halowin don ya ci kuɗin inshora, yaron ya mutu, shi kuma aka zartar masa da hukuncin kisa a 1984. A 1982, wata guda kafin Halowin, mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha maganin ciwon kai na Tylenol da wani ya zuba wa guba. Hankalin iyaye ya tashi matuƙa. Wani masanin zamantakewa, Joel Best, ya bi labaran jaridu na shekaru masu yawa, bai sami tabbacin ko da yaro ɗaya da baƙo ya kashe da alewar Halowin ba. Amma ka san tsoro ba ya jiran hujja. Makarantu da coci-coci da ƙungiyoyin unguwa suka ce to, maimakon yara su bi gidajen da ba a sani ba cikin dare, a tara su wuri ɗaya da rana, iyayensu na gani. A shekarun 1990 har aka ƙirƙiro jera motoci a fili, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya ƙawata shi, yara su bi mota-mota suna karɓar alewa. Daɗin daɗawa, akwai iyalai da yawa, Kirista da Musulmi da Yahudawa, waɗanda ba sa son zancen fatalwa da mayu saboda addini. Don kada a bar kowa a baya, wurare da dama suka ajiye sunan Halowin suka ce bikin kaka ko bikin girbi. Wato sunan da ƙanenka ya gaya maka ke nan.

Babu inda aka ga amfanin 'yan sa kai ƙarara kamar birnin Detroit na jihar Michigan, cibiyar ƙera motoci. Da masana'antu suka yi ta rufewa, mutane suka watse suka bar dubban gidaje kango, sai daren 30 ga Oktoba, wanda suke kira Daren Shaiɗan, ya zama daren cinna wa kangaye wuta, wutar kuma ba ta tambayar gidan da ke da mutane a ciki. A 1984 an ƙirga gobara fiye da 800 cikin kwana uku. A 1995 magajin gari Dennis Archer ya yi shela, aka sauya wa daren suna zuwa Daren Mala'iku. Dubun-dubatar mutane suka fito, waɗansu suka ɗora fitila mai walƙiya a kan motocinsu suna sintiri, waɗansu kowa ya ɗauki kango guda ya sa masa ido, tsofaffin da ba su iya fita suka bar fitilun ƙofar gida a kunne har safe. Hukuma kuma ta sa wa yara dokar hana fita da dare, ta hana sayar da fetur a jarka. Shekara fiye da ashirin ana haka, gobara na raguwa, har a 2017 aka ce an yi sintiri na ƙarshe. Daga 2018 sai aka mayar da ƙarfin zuwa bukukuwan iyali a unguwanni, ana raba wa yara alewa a ofisoshin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana da wuraren wasanni.

Yanzu bari mu zo ga aikin da ƙanenka yake yi. Irin wannan biki ba ya wuce awa huɗu ko biyar, amma kwamitinsa kan fara zama watanni kafin ranar. Wani zai nemo izinin rufe titi daga hukumar gari, wani ya bi kantuna neman gudummawa, wata ta riƙe takardar da kowa ke rubuta sunansa da awannin da zai iya bayarwa, galibi awa biyu-biyu. Ranar biki da sassafe a kafa rumfuna, a jera damman ciyawa da kabewa. Akwai mai sayar da tikiti, da mai yi wa yara zane a fuska, da mai kula da teburin da suke fentin kabewa, da mai tuƙa tarakta yana jan amalanke cike da ciyawa yara na bisa suna ihu. Akwai masu gasar girki, da matan da suka gasa kek a gida suka kawo a sayar. Akwai teburin taimakon gaggawa, da wurin da ake kai yaron da ya ɓace wa iyayensa. Makarantu da coci-coci da yawa sai sun bincika tarihin mutum kafin su bar shi ya yi aiki da yara. Daga ƙarshe kuma ga shara da naɗe rumfuna, aikin da ya fi kowanne ƙarancin masu so, don a lokacin kowa ya gaji ya kama gabansa. A wurin za ka ga likita na ɗaukar kujera, lauya na kwashe bola, ba wanda ke ganin an ƙasƙanta shi. Ɗalibai kuwa har ribar karatu suke samu, don tun 1992 jihar Maryland ta sa hidimar jama'a cikin sharuɗɗan kammala sakandare, jami'o'i da masu ɗaukar ma'aikata kuma sukan duba irin wannan a takardun mutum.

Sai dai kada ka ɗauka komai na tafiya daidai. A 1995 wani malamin jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya ja hankalin Amurkawa cewa zumuncin ƙungiya na mutuwa a ƙasar, ya kuma faɗaɗa bayanin a littafin da ya fitar a 2000. Cikin misalansa har da ƙungiyar iyaye da malamai, wadda mambobinta suka faɗo daga fiye da miliyan 12 a 1964 zuwa wajen miliyan 5 a 1982. Alƙaluman gwamnatin ƙasar sun nuna cewa masu aikin sa kai ta hannun ƙungiyoyi sun kai kashi 30 cikin ɗari a 2019, annobar korona ta jawo su ƙasa zuwa kashi 23 a 2021, sa'an nan suka farfaɗo zuwa kashi 28 a 2023. Masu shirya biki kan koka cewa 'yan kallo na ƙaruwa, masu ɗaukar kujera kuwa su ne dai na bara da na bara waccan, ga su suna tsufa. Idan suka gaji babu mai maye gurbinsu, bikin ya mutu ke nan, kuma tare da shi unguwa ta rasa ranar da maƙwabci ke sanin sunan ɗan maƙwabcinsa.

Saboda haka Malam, mu a ganinmu ƙanenka bai yi asarar yininsa ba. Baƙo ne a ƙasar mutane, kuma baƙon da aka gani yana ɗaukar kujera tare da 'yan unguwa ya fi saurin samun wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ran da ba shi da lafiya, ko ya ba shi labarin aiki. Abin da za ka ja masa kunne a kai shi ne kada ya bar hidimar ta ci lokacin karatun da ya kai shi can, kuma idan ya rubuta sunansa a takarda cewa zai zo, to ya zo, don a kansa aka dogara. In kuma ka sake yi masa waya, ka tambaye shi ko ya tsaya har aka gama shara.